Yadda Rukunin 'Yan Gambara Zai Haɗa Albam, Ya Fitar da Shi, Ya Kuma Tsaya Masa

Kafin ku biya ko sisi a sutudiyo, ƙannena, ku zauna ku amsa tambaya guda: wa zai riƙe amshi? Ni mai haɗa kiɗa ne a Kaduna, kuma yawancin samarin da ke shigo mini su uku ko huɗu da sunan rukuni, kowa littafinsa cike yake da baitoci masu zafi, amma ba wanda ya zo da abin da jama'a za su rera. Irin waƙar da nake magana a kai, wadda ake cakuɗa gambarar zamani da kiɗan da kowa zai iya rausayawa, amshi ne ke kai ta gidan biki da shagon aski da cikin Keke. Baiti kuwa shi ke sa 'yan'uwanku mawaƙa su ga girmanku. Duka biyun kuke buƙata, amma na farkon aka fi sakaci da shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makaɗan gargajiya ba sa fita sai da 'yan amshi, kuma abin da yaro ke kamawa a waƙar fada ko ta noma shi ne gindin waƙar, ɗiyanta sai daga baya. Mawaƙan nanaye sun riƙe wannan da kyau. 'Yan gambara ne kawai wasunsu ke ganin kamar amshi mai daɗi ragwanci ne.

Rukunin da nake yawan kafa wa yara hujja da shi shi ne Black Eyed Peas na birnin Los Angeles a Amurka. Su uku ne da farko: will.i.am da apl.de.ap da Taboo. Sun fitar da albam biyu, a 1998 da 2000, masana gambara suka yaba, kasuwa kuma ba ta yi wani motsin kirki ba. Suna cikin aikin na uku suka nemi muryar mace don waƙa guda, aka haɗa su da Fergie, daga nan ta zama 'yar rukuni. Albam ɗin, Elephunk, ya fito a watan Yunin 2003. Waƙar da suka share fage da ita, "Where Is the Love?", baitocinta a kan yaƙi ne da ta'addanci da wariyar launin fata, magana mai nauyi, amma amshinta mai sauƙi ne, kuma Justin Timberlake suka ɗauko ya rera shi. Ta yi mako 6 a matsayi na ɗaya a Birtaniya, ita ce waƙar da ta fi ciniki a can a 2003, a Amurka kuma ta kai ta 8 a jadawalin Billboard. Ba su zubar da abin da suke son faɗa ba. Sun dai yarda cewa akwai aikin da muryoyinsu uku ba za su iya ba, suka nemo mai iyawa.

To ku duba kanku. In akwai mai zaƙin murya a cikinku, amshi nasa ne, ko da shi ne ƙarami, ko da ba shi ya kafa rukunin ba. In babu, ku gayyato, mace ko namiji, ku biya shi, ku rubuta sunansa.

Takarda kafin makirfo

Na ga rukunin da ya gama albam tsaf, har an buga hoton bango, rigimar wa ke da wace waƙa ta hana shi fita har yau. Abokan juna ne tun firamare. Saboda haka ba na kunna makirfo wa rukuni sai na ga takarda da sa hannun kowa.

Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai haƙƙin rubutu da kari, na wanda ya tsara baiti da amshi da wanda ya haɗa kiɗan. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka ɗauka, wanda galibi ke hannun wanda ya biya kuɗin aikin. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bambanta su har a tsawon rai: rubutu da kari suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50 daga fitowarsa. Dokar ta kuma ce sallama haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan "ai mun yi magana da shi" ba hujja ba ce.

Ga kowace waƙa ku rubuta shafi ɗaya: sunanta, sunan gaskiya na duk wanda ya sa hannu a cikinta, da kason kowa cikin ɗari. Ku yi wannan a ranar da aka ɗauki waƙar, lokacin da kowa ke tuna wa ya kawo wane layi. A ra'ayina rukuni ya fi daɗewa in aka raba kuɗin sauti daidai wa daida tsakanin 'yan rukuni, kason rubutu kuma ya bi gwargwadon aikin kowa. A babbar takardar ku faɗi wa ke da sunan rukunin in wani ya fita, wa ke riƙe da makullin shafukan YouTube da Instagram da TikTok, da asusun bankin da kuɗi zai shiga. Kada ya zama asusun mutum ɗaya ba tare da sauran suna ganin abin da ke shiga ba. Ku yi wa sunan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Nijeriya, ku shiga ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa irin su MCSN. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da irinta, BNDA, a Yamai.

Kuɗin da kuka tara, kada ku zuba shi duka a ɗauka. Ku ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku don bidiyo da talla, ku ɗauka kamar ba ku da shi.

Kiɗa da rubutu

Ku tara waƙoƙi wajen 20 a matsayin gwaji, ko a waya kuka ɗauka, sannan ku tace su zuwa 9 ko 11. Manyan manhajojin sauraro suna ɗaukar aiki a matsayin albam in ya kai waƙa 7 ko ya wuce minti 30; in abin da kuka amince da shi waƙa 5 ne, ku fitar da 5 ɗin, babu abin kunya. Wajen tacewa kada ku tambayi abokai, za su ce duka wuta ne. Ku kunna wa ƙanwarku tana aikin gida, ku kunna a teburin mai shayi ba tare da kun ce naku ba ne, washegari ku ji wacce wani ke gunguni da ita.

Babbar matsalar rukuni ita ce kowa na son baiti a kowace waƙa. Ku yi lissafi da ni. A kiɗa mai bugu 100 a minti, baiti mai bar 16 (bar ɗaya bugu huɗu ne) yana cin daƙiƙa 38. Mutum huɗu ke nan minti biyu da rabi, ba a sa amshi ba, ba a sa shiga da fita ba. Waƙar ta haura minti 4, kuma mai sauraro ya gaji tun a baiti na uku. Mafita biyu ce: ko dai mutum biyu a kowace waƙa ana juyawa, ko kuwa kowa ya yi bar 8 ana miƙa wa juna magana a tsakiyar layi. Ta biyun ta fi wahala, tana buƙatar ku rubuta tare a ɗaki ɗaya maimakon kowa ya turo nasa ta WhatsApp, amma ita ce ke sa a ji rukuni ne ba taron mawaƙa ba. Ku bar waƙa ɗaya a albam ɗin inda kowa zai baje bar 16 ɗinsa son ransa, babu amshi mai zaƙi, don masu son gambara tsantsa.

Amshi ya shigo da wuri, kafin daƙiƙa 30 in zai yiwu. Ya zama gajere, da harshe ɗaya, da kalmomin da tsohuwa da yaro za su iya maimaitawa. Ku zuba Turanci da buroka a baiti yadda kuke so, ko Faransanci da Zabarmanci in a Nijar kuke, amma amshin da ya rabu gida uku ba ya zama a baki.

A nan zan ɗan tsaya, domin shi ne abin da na fi gyara wa mawaƙa. Hausa harshe ne mai karin sauti, yana da dogon wasali da gajere. In karin da ka ɗora wa layi ya hau a inda kalmar take sauka, ko ya ja gaɓar da take gajeriya, kunnen Bahaushe zai ji wani abu ya karkace ko da bai san mene ne ba, wani lokacin ma ya ji wata kalma daban. Kiɗan da aka saro daga waje an gina shi ne a kan wani harshe, shi ya sa ake samun mawaƙi yana lanƙwasa Hausa don ta shiga ramin da ba nata ba. Abin da nake sa su yi: ka faɗi layin da baki kamar kana hira da mahaifiyarka, mu ɗauka, mu saurara, sannan mu nemo kari daga hawa da saukar maganar. In layin ya ƙi zama, kalmar za a canza, ba lafazinta ba. Haka ma amsa-amo: kada ka tilasta wa kowane layi ƙarewa da "-wa" ko "-ya" don kawai sun fi sauƙi. Ka nemi amon a cikin layi, ka bar ma'ana ta ja ragama.

Game da kiɗa, ku guji wanda aka rubuta "kyauta" a YouTube. Yawancinsu haya ce ga mutane da yawa, kuma tsarin Content ID na YouTube, wanda ke gane mai waƙa ta sautinta, ba ya karɓar abin da ba ku kaɗai kuka mallaka ba. Wata rana za ku wayi gari wani a wata ƙasa ya riga ku yi masa rajista, kuɗin bidiyonku na tafiya wurinsa. Ku sa a haɗa muku naku, a FL Studio ne ko Cubase ko Ableton, ba manhajar ce ke waƙa ba. In kuna son yankar wani abu daga faifan tsohon makaɗi, ku nemi magadansa ku yi magana, ku rubuta. Abin da ya fi mini shi ne a kira mai kalangu ko mai gurmi ya zo a ɗauke shi kai tsaye, a biya shi, a sa sunansa. Sai dai ku sani kalangu magana yake yi, sautinsa na hawa yana sauka, in aka bar shi a ƙarƙashin amshi zai yi ta gardama da mai rerawa. Ku ba shi gurbi tsakanin layi da layi ya amsa, kamar yadda yake yi a dandali.

Mutum ɗaya ya zama mai yanke hukuncin ƙarshe a kan sautin albam ɗin gaba ɗaya, ko da masu haɗa kiɗan sun kai biyar.

A ɗakin ɗauka

Ku zo da baiti a ka, ba a waya ba. Mai karantawa daga waya numfashinsa daban ne, kuma ana ji. Ku ɗauki muryoyin waƙa guda da makirfo ɗaya a ɗaki ɗaya, in ba haka ba mai miksin, wato mai daidaita muryoyi da kiɗa, zai sha wahalar sa ku zama kamar kuna tare. Tsakanin baki da makirfo kamar taƙi guda, da matatar iska a tsakani, saboda "f" da "ƙ" da "ts" ɗinmu suna dukan makirfo da ƙarfi. Mai ɗauka ya bar ƙololuwar murya tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, ingancin ɗauka kuma a 24-bit. Muryar da ta fashe wajen ɗauka ba ta gyaruwa.

Fanka a kashe, janareta a nesa da bango, in da hali a yi aiki da batir ko sola. Zafi zai dame ku, ku riƙa fita shan iska, amma ƙugin fanka in ya shiga ƙarƙashin murya goma da aka jera, ya zama guguwa. In an fara kiran salla a tsaya, a je a dawo.

Amshi a ninka shi: babbar murya a tsakiya, biyu a gefe, sannan duk 'yan rukuni su taru su rera shi tare sau biyu ko uku a sa can ƙasa. Wannan taron muryoyin ne ke gaya wa mai sauraro cewa shi ma zai iya shiga. Auto-Tune, manhajar da ke gyara karin murya, ba laifi ba ne, amma a saita shi a kan ainihin maɓallin kiɗan, wato key ɗinsa, kuma kada a shafa wa mai gambara irin wanda aka shafa wa mai amshi. Kowane dare a kwafe aikin a wuri biyu, ɗaya ya kwana a wani gida daban.

Wajen miksin, murya a gaba. Mutanenmu kalma suke saurare. In ba su ji abin da ka ce ba, sun wuce. Kada ku amince da manyan lasifikan sutudiyo kaɗai. Ku ji a lasifikar waya, da 'yar ƙaramar MP3 ta masu shago, da cikin mota. Bas mai zurfi irin na gangar na'ura da ake kira 808 ɓacewa yake a waya, sai an ƙara masa kauri a tsakiyar sauti. A mastarin kuma, wato gyaran ƙarshe na sauti, akwai abin lura biyu. Spotify na daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙarfi na LUFS, saboda haka matse waƙa har ta shaƙe ba ya ƙara mata komai a can. Amma waƙar da aka tura ta Xender ko Bluetooth ba mai daidaita ta, za ta zauna ne kusa da ta wani a katin waya, in ta yi sanyi da yawa a ji kamar ba ta da jini. Ku nemi tsakiya: ƙarfi mai kyau, ganga na numfashi, ƙololuwa ba ta wuce -1 dB ba.

Kada ku bar sutudiyo sai da kowace waƙa iri huɗu: cikakkiya a WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba), kiɗa zalla, ta hawa dandamali mai amshi babu baiti, da tsabtatacciya wadda babu ashar ko kalmar da rediyo zai ƙi. Wannan ta ƙarshen kada ku raina ta. A cikin Elephunk akwai waƙar da sunanta na asali ke ɗauke da kalmar cin fuska ga masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Sai da suka sake ta da suna "Let's Get It Started" aka yi tallar wasannin ƙwallon kwando na NBA da ita a 2004, kuma ita ce ta ciyo musu kyautar Grammy a 2005. Ni dai shawarata, tun wajen rubutu ku cire abin da ba za ku iya rerawa a gaban iyayenku ba. Hukumar NBC mai kula da kafafen yaɗa labarai a Nijeriya na iya hana su sa waƙa, a Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i wadda aikinta ya shafi mawaƙa. In a can kuke ko can za ku yi bidiyo ko wasa, ku je ofishinsu da ƙafarku ku ji sharuɗɗan da ke aiki kafin ku kashe kuɗi.

Jeren waƙoƙi: uku na farko su zama masu ƙarfi, kuma a ji muryar kowane ɗan rukuni kafin ta uku ta ƙare. Doguwar gabatarwa ta minti biyu ana gaishe-gaishe, a bar ta.

Fitarwa

Ku fara da waƙar share fage, mako 4 zuwa 6 kafin albam, kuma ta zama mai amshin da ya fi kowanne kama baki, da bidiyonta. In kuɗi ya isa, ta biyu ta biyo baya, wadda za ta nuna ɗaya fuskar taku, ta gambara.

Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa daga hannun mawaƙi kai tsaye, sai ta hannun dillali irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby. Ku ɗora albam ɗin wata guda kafin ranar fita. Za a nemi WAV, da hoton bango murabba'i, 3000 a 3000 ya fi aminci, babu lambar waya ko adireshin shafi a jiki. Kowace waƙa za a ba ta lambar shaida mai suna ISRC; wadda kuka riga kuka fitar a matsayin share fage, ku sa mata lambarta ta farko a cikin albam, don adadin sauraronta ya biyo ta. Ku rubuta sunan rukuni iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi, ku kuma bincika ko wani na amfani da shi, in ba haka ba waƙoƙinku su faɗa shafin baƙo. Sunan waƙa ya zama wanda mutum zai iya rubutawa a waya bayan ya ji amshi sau ɗaya a rediyo. Ta manhajar Spotify for Artists kuna iya gabatar da waƙa guda da ba ta fito ba ga masu tsara jerin waƙoƙinsu, aƙalla kwana 7 kafin fita. Ku rubuta musu a fili cewa da Hausa take, daga wane gari, da kayan kiɗan da ke ciki.

Tun Yulin 2015 Juma'a ce ranar fitar da sababbin waƙoƙi a duniya, jadawalai ma daga ita suke ƙirga mako. Ku bi hakan, amma hayaniyar talla ku bari sai an sauko daga masallaci. Kada ku fitar da albam ɗin rawa cikin azumi. Makon Salla ya fi masa. Disamba kuma manyan mawaƙan Legas sun cika kunnen ƙasa, ƙaramin rukuni na iya nutsewa.

Yanzu ga inda na saba da masu ba da shawara daga nesa. Spotify bai shigo Nijeriya ba sai a 2021, kuma masu sauraronku da yawa ba can suke ba. Suna Audiomack, inda za ku iya ɗorawa da kanku kyauta. Suna Boomplay, wadda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Suna YouTube da TikTok. Wasu kuma ba sa sayen data don waƙa sam, wurin masu turawa suke zuwa, a kasuwar waya irin ta Farm Centre a Kano ko 'yar rumfar bakin tasha, a cika musu kati. Waɗannan masu turawa za su samu albam ɗinku ko kun so ko ba ku so ba. Gara ku kai musu da kanku, MP3 mai kyau da sunanku da hotonku a jiki, da a ce sun yanko mai shaƙaƙƙen sauti an liƙa sunan wani shafi a kai. Kuɗin ba daga nan zai fito ba, amma daga nan ake sanin ku a Funtuwa da Azare da Maraɗi, kuma wanda ya san ku shi ke kiran ku wasa.

Masu DJ na biki ku kai musu tun kafin fita, har da kiɗa zalla. Gidajen rediyo ku je da ƙafa, ku gaisa da mai shirin, ku ba shi tsabtatacciyar waƙa ɗaya, ba albam duka ba. Ku aika bidiyo ga shirye-shiryen waƙa na talabijin irin Zafafa Goma na Arewa24. A TikTok ku yanko daƙiƙa 15 zuwa 20 mafi daɗi na amshi, ku tabbata sautin na hukuma ne mai sunanku, kowane ɗan rukuni ya yi nasa bidiyon da shi. Ranar fita duk ku sa hoto ɗaya da mahaɗi ɗaya.

Bayan ya fita

Makon farko na 'yan'uwa da abokai ne, kada ku yanke hukunci da shi, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Daga mako na uku ake gane gaskiya. Ku buɗe alƙaluman manhajojin ku duba abu uku: wace waƙa ake maimaitawa, a wace daƙiƙa ake tsallakewa, kuma daga wane gari. Spotify ba ya ƙirga sauraro sai ya kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan ta kuɗin sauti. YouTube na fara raba kuɗin talla ne in shafi ya kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Waɗannan alƙaluma na sa yara su ruɗe su sayi sauraron bogi. Kada ku yi. Ana ganewa, ana iya sauke waƙar, kuma ko ba a gane ba kun ɓata wa kanku madubin da zai nuna muku inda masoyanku na gaskiya suke. In kun ga Damagaram ko Kumasi ko Jidda na ta fitowa a lissafi, can za ku nemi mai shirya wasa ko mai rediyo.

Sau da yawa waƙar da jama'a za su ɗauka ba ita kuka zaɓa ba. In ta bakwai ce ke yawo a gidajen biki, ku bi ta, ku juya kuɗin bidiyo na biyu zuwa kanta, ko da wanda ya rubuta ta ba shi ne jagora ba.

Suka za ta zo ta fuska uku, kuma ba amsa ɗaya ake ba su ba. 'Yan gambara tsantsa za su ce kun koma nanaye, kun sayar da kanku. An faɗa wa Black Eyed Peas irin wannan bayan 2003, tsofaffin masoyansu da dama sun juya baya. Kada ku yi cacar baki da su, domin suna ƙaunar abin da ku ma kuke ƙauna. Ku nuna musu waƙar nan da kuka bar wa baiti zalla, ku hau dandamali ku yi ta da baki ba tare da muryar faifai a ƙasa ba. Masu magana ta fuskar tarbiyya da addini ku saurare su da ladabi, in akwai layi ko shigar da ta wuce gona da iri ku gyara a bidiyo na gaba, in babu ku yi shiru. Sai kuma wanda zai ce muryar ta nutse a waƙa ta huɗu, ko baitin wane bai hau kiɗa ba. Wannan ku rubuta maganarsa ku ajiye, ya yi muku aikin da ake biya a yi.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba daga waje yake zuwa ba. Mai amshi shi jama'a za su fara ganewa. Shi za a tsayar a hanya a ɗauki hoto, shi za a gayyata waƙar wani, wani mai shirya wasa ma zai kira shi a gefe ya ce ya zo shi kaɗai a rage kuɗi. Ku tattauna wannan tun kafin ya faru: nawa ne kason rukuni in an gayyaci mutum ɗaya, wa ke amsa waya, wa ke magana a hira. Ku riƙa juya masu zuwa rediyo, a bidiyo kuma kyamara ta tsaya a kan mai baiti lokacin baitinsa. Shi ma mai amshin a gaya masa gaskiya, cewa baitocin 'yan'uwansa ne suka ba amshin abin jingina.

Kuɗin manhajoji kan makara wata biyu zuwa uku kafin ya iso. Ku sa ranar zama tun yanzu, wata uku bayan fita, kowa ya zo. A buɗe shafin dillali a gaban kowa, a karanta abin da ya shigo daga sauraro da wasanni, a cire bashin sutudiyo da na mai bidiyo, a biya baƙin da aka gayyata da mai kalangu in da sauran haƙƙinsu, sannan a raba ragowar yadda takarda ta ce. A zaman nan ne kuma za ku yanke ko akwai waƙa ta uku da ta cancanci bidiyo, ko kuwa lokaci ya yi da za a koma ga waƙoƙin gwajin da aka ajiye a fara tace na gaba.